Ranar da Aka Kira Awakin Inna

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma Inna ta riga mu tafiya. Ta rasu da hantsi, a tsakiyar bazara, a ɗakinta na laka da ke Unguwar Zana, can bakin garin Gidan Rumji. Ni ce 'yarta mace, ni na rufe mata ido. Ban yi nisa a lakol ba, wato makarantar boko, mai suyar ƙosai ce ni a bakin tasha. Amma na ji yara sun fara cewa "tsohuwar nan mai awaki" kamar ba a gabanta suka girma ba, shi ne na ce bari in ajiye abin da na sani, mai daɗi da wanda ya tokare mini ƙirji.

Kafin a gama yi mata wanka gidan ya cika. Wata maƙwabciya ta tsaya bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu, ta ce, "To, yanzu wa za shi zage mu?" Aka yi dariya, ita ma ta yi, sai dariyar ta juye mata, ta durƙushe a nan tana kuka. Mai unguwa, wanda suka yi shekara da shekaru suna sa-in-sa da Inna, ya ce wa maza a waje, "Ni dai na huta da gardama." Ya ja rawani ya rufe fuska.

Bayan an sallace ta a ƙofar gida, Kawu, ƙanen Inna, ya miƙe ya yi shelar da ake yi wa kowane mamaci. Muna daga ciki muna jin muryarsa: "Jama'a, wanda ke bin marigayiya bashi shi zo gun ɗiyanta. Wanda kuma ke riƙe da wani abu nata, ƙarami ko babba, shi maido, a sauke mata nauyi." Maza suka amsa, mu ma muka amsa. Magana ce da na ji a jana'iza ba iyaka, ban taɓa tsayawa na saurare ta ba.

Da la'asar wani dattijon Bafulatani, ɗan kawun Inna, ya iso daga rugarsu ta wajen Sae Sabuwa a bayan kabu-kabu. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya ce a fara nuna masa garken da ake ba shi labari. Na nuna masa turken tsakar gida, babu ko akuya ɗaya. Ya daɗe yana kallon turken, sannan ya ce, "Madalla. Ɗiyar gwaggona ta."

Inna tana da awaki, amma ba a gidanta suke kwana ba. Suna gidajen mutane. Al'ada ce ta dangin mahaifiyarta, Fulani, suna ce mata habbanaye, wato dabbar da aka ɗaure don wani. Za ta ba mace akuya ta kiwata, ta sha nono, in ta haihu ɗan na mai kiwo ne. In an yaye shi, mai kiwon da kanta za ta ja uwar ta kai gidan da ke biye. Uwar tana nan da sunan Inna duk inda ta shiga. Abu ɗaya ne ba a yi: mai akuya ba ta kira. Ko yunwa za ta kashe ta, ba ta aika a ce a dawo mata da abinta. Saboda haka duk gidan da ka ga akuyar Inna a ɗaure, to wannan gidan ne bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna.

A lokacin da ta rasu, jar akuyarta mai nono tana hannun wata tsohuwa da muke kira Iya, mutuniyar Gangara. 'Yar Iya ta rasu wajen haihuwa ta bar jinjiri namiji, uban yaron kuwa ya tafi ci-rani kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Nonon akuyar nan shi ne abincin yaron, babu wani.

Washegarin jana'iza da safe, ina zaune kan tabarmar makoki, sai ga wata mata ta shigo tana jan akuya. Ta yi gaisuwa, ta miƙo mini igiya ta ce, "Ga amanar Inna." Wanda ke zaman makoki ba ya mayar da abin da aka kawo masa, ba ya ja-in-ja. Na karɓi igiyar na ce, "Allah shi saka." Matan da ke zaune duk suka ga na karɓa.

Wai ni! Ni da na fi kowa sanin halin matar nan.

Unguwar Zana da farko ba unguwa ba ce. Filayen 'yan kasuwa ne da suka saya ba su gina ba. Mutanen ƙauye da gona ta ƙi, ko gulbi ya cinye musu gida, su ne suka riƙa zuwa suna kafa zana, suna zama da sunan gadi. Babu famfo, babu masai, sharar gari duk nan ake zubarwa. Mu ma haka muka zo bayan rasuwar Baba, Inna da ni da Yaya, da 'yan tukwane da akuya guda. Ba mu daɗe ba nonon wata maƙwabciyarmu ya ƙafe, ɗanta yana kuka har muryarsa ta dushe. Inna ta kwance akuyar ta kai mata. Na yi birgima a ƙasa, don da nonon ake dama mana fura. Ta ɗaga ni da hannu ɗaya ta ce, "Ke kina da haƙora. Tahi ki tauna gero."

Ba mace ce mai daɗin baki ba, kada in yi mata ƙarya tana kabari. In mace ta zo neman akuya, sai ta sha tambaya. "Ina turke? Ina harawa? Ke da ba ki iya ɗaurin zane ba, akuya za ki ɗaure?" Sai ta je da ƙafarta ta ga turken, ta girgiza shi, in ya motsa ta ce a sake kafawa. Kullum da safe tana yawo da sandarta lungu lungu, tana leƙa kan zana ba sallama. Ta taɓa cikin akuya, ta juyo ta taɓa cikin yaro. In ta ga gashin yaro ya yi ja, ranar uwarsa ba ta da sukuni sai ta kai shi awo gidan likita. Mata suna jin ƙarar sandarta su hau shara.

Rigimarta da mai unguwa a kan leda ta fara. Wata akuya ta kumbura ta ƙi ci, aka yanka, mahauci ya farke tumbin ya zaro baƙar leda a dunƙule. Inna ta zuba abin nan a kwano, da warinsa da komai, ta je ta dire shi kan tabarmar mai unguwa yana tsakiyar baƙi. Ta ce, "Ranka shi daɗe, ga tuwon da unguwarka ke ci." Ya yi rantsuwa sai ya kore ta daga unguwar. Ta ce in ya samu inda ya fi nan lalacewa ya kai ta. Ba a yi nisa ba sai ga shi da kansa yana sa a yi shela mata su fito tsintar leda ranar Juma'a da safe. Wadda ta ƙi fitowa kuwa, Inna ta ce akuya za ta tsallake gidanta. Daga tsintar leda aka shiga cike ramukan da ruwa ke kwanciya, aka shiga haƙa masai gida gida. Mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka ga an fara, suka kawo amalanken kwashe shara. Daga baya wani furoje na 'yan agaji ya haƙa mana famfo. Da suka nemi ta zama shugabar kwamiti sai ta ce ita ƙugunta ba ya son benci, ta tura wata.

Tana da taurin kai, kuma taurin kan ya taɓa cin mutane. Likitan dabbobi ya zo yin allura, ta hana. Ta ce kakanninta sun yi kiwo ba su san allura ba. A shekarar ciwo ya shigo, awaki suka riƙa faɗuwa a gidajen da ba su da komai sai su. Da ciwon ya lafa, Inna da kanta ta riƙa jan waɗanda suka rage tana kai wa likitan. Ba ta ce ya yi haƙuri ba, wannan kalmar ba ta bakinta. Fura kawai ta dama masa, ta cika ta da nono, kuma daga ranar "ɗana" take kiransa.

Akwai wata da mijinta ya kwance akuyar Inna ya sayar ranar kasuwa, ya yi guzuri ya tafi ci-rani. Kunya ta kama matar, in ta hango Inna sai ta sake lungu, har famfo ta daina zuwa. Inna ta bi ta gida ta zauna kan turmi. Matar ta fashe da kuka tana rantse-rantse. Inna ta ce, "Mi kike ma kuka? Ni na kira ta? Ban kira ba. Tana hannunki har ran da kinka maido." An yi damina da yawa kafin matar nan ta samu hali. Wata rana sai ga ta da akuya baƙa ƙirin, alhali wadda aka ba ta fara ce. Inna ta zagaya akuyar, ta duba haƙoranta, ta ce, "Kai, ta yi baƙi a hannunki. Rana ta kika bari tana dukanta?" Ta sa ta wuce da ita gidan da ke jira.

Ni ma ban tsira ba. Da na yi haihuwar fari, maigidana ba shi da abin yankan suna. Na roƙe ta ta kira akuya ɗaya tak, ga su nan birjik a unguwa da sunanta. Ta ce, "Ki haihi naki, in kira abincin ɗan wata?" Na ce mata to ta je ta zama uwar unguwa, ni ba ni da uwa. Ranar suna aka wayi gari da rago ɗaure a ƙofarmu, maigidana ya ce shi bai san daga ina ba. Sai da na gama wankan jego na shiga ɗakinta na ga jeren tasoshinta na aure babu, sai shatinsu a bango. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce in rufe, ƙuda zai shiga.

To wannan matar ce, wadda ba ta taɓa kiran akuya ba duk rayuwarta, muka kira mata su duka da magana ɗaya, gawarta tana shimfiɗe a ƙofar gida.

Da aka ga na karɓi ta farko, sai sauran suka biyo. Mutanen unguwarmu talakawa ne amma suna tsoron hakkin mamaci. Kowa ta zo da igiya a hannu, "Ga amanar Inna," ni kuma, "Allah shi saka." Tsakar gida ta cika da kuka da kashin awaki, har ana rasa inda za a shimfiɗa wa baƙi tabarma. Zan so in ce baƙin ciki ne ya rufe mini ido. Akwai shi, amma ba shi kaɗai ba. Da danginmu na garin Tibiri suka zo suna riƙe baki suna cewa ashe haka ta tara, wallahi har wani daɗi na ji.

Iya ma ta zo, da jinjirin a bayanta, tana jan jar akuya, ɗan akuyar yana biye. Da kanta ta ɗaure ta a inuwa. Ta ce mini, "Ɗiyata, a riƙa sa mata kanwa kaɗan cikin dusa, haka ta saba." Ta yi addu'a ta fita. Ina kallon kan yaron yana lilo a bayanta har ta sha kwana. Da yamma matan da ke taya mu aikin makoki suka ga hantsar akuyar ta cika, suka tatse, aka dama wa masu gaisuwa fura. An miƙo mini na sha.

Dattijon Bafulatanin nan bai sha ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Wa ya kira su?" Na ce, "Baffa, ba wanda ya kira. Shelar jana'iza ce kawai." Ya ce, "An kira." Ya saɓa sandarsa ya kama hanyar tasha, ko sallama da Kawu bai yi ba.

Sai a lokacin na gane abin da muka yi. Na samu Kawu na ce a mayar wa mutane awakin nan. Ya ce, "Dukiyar mamaci ba a barin ta hannun mutane. A raba gado tukuna, kowa shi yi abin da ya ga dama da rabonshi." Bai faɗi ƙarya ba, kuma ba mugunta ya nufa ba, nauyin 'yar'uwarsa yake son saukewa. Na aika wa matan a ɓoye su zo su kwashi awakinsu. Suka ƙi. Suka ce yanzu dukiyar magada ce, su ba za su ci ba. Rabon kuma ba ya yiwuwa sai Yaya yana nan, shi kuwa ruwan shuka ya sauka ya koma gonarsa a Sae Sabuwa, ga iyali ga rumbu wayam.

Na ce to a jira. Abin da ban lissafa ba, jinjiri ba ya jiran rabon gado. Na riƙa aika wa Iya nono a kwano, wata rana in aika, wata rana suyar ƙosai da baƙi su ɗauke mini hankali. Ba ta taɓa zuwa tambaya ba. Awakin kuwa da suke warwatse kowane gida yana samo wa tasa ɓawon wake da ruwan tsari, da suka taru a kaina ni kaɗai sai abincin ya gagara. Harawa ta yi tsada, ciyawa ba ta fito sosai ba. Suka rame. Hantsar jar akuya ta motse, ranar da na tatsa ban samu abin da zai rufe gindin kwano ba, sai na daina aikawa.

Yaya ya dawo bayan noman farko, malam ya raba. Jar akuya ta faɗa rabonsa. Na yi ta nuƙu-nuƙu kafin na ce ya musanya mini ita, na gaya masa dalili. Ya dube ni ya ce, "Ashe wannan ne kike ta ƙunshewa? Ɗauki mana! Ke da wayar salula a hannunki, da kin kira ni tun ran nan, da na ce ki maida su duka, a raba daga baya. Wa za shi hana?" Kawu ma da ya ji ya ce in magada biyu sun yarda shi ba shi da ta cewa. Abin da na zauna a kai har damina ta yi nisa, ashe magana ce ta minti guda.

Na ja akuyar na nufi gidan Iya. Na tarar an jingine zana a ƙofa. Maƙwabciyarta ta ce suna gidan likita, yaron ya kumbura, an ce tamowa ce, ciwon ƙarancin abinci. Ban koma gida ba, na wuce da akuyar, na ɗaure ta gindin itacen bedi a bakin ƙofar likita, na shiga.

Yana kwance kan gado, ƙafafunsa sun cika suna ƙyalli, fatar hannunsa kuwa ta saki. Ba ya kuka. Ma'aikaciyar likita tana ɗiga masa madara a baki kaɗan kaɗan. Iya tana zaune a ƙasa. Tana ganina ta yunƙura ta durƙusa a gabana, tsohuwar da ta yi sa'ar uwata. Na ce, "Iya, don Allah tashi. Na maido miki akuyarki, tana waje." Kamar ba ta ji ba. Ta kama gefen zanena ta ce, "Ɗiyata, Allah ne ya kawo ki. Akwai abin da nika ɓoye miki. Ran da anka yi shela, ban kawo ta nan take ba. Da sahe yaron ya yi ta kuka, sai na tatse ta na ba shi, sannan na kawo. An riga an kira ta, nonon ba nawa ba ne, naku ne ke da yayanki. Tun da ya sha shi cikinshi bai sake daidai ba. Ki yahe mini, ki roƙa mini yayanki shi yahe."

Na ce mata ba haka ba ne. Na ce ba nonon da ya sha ba ne, wanda bai sha ba ne. Na ce laifin namu ne, nawa ne. Tana girgiza kai, tana ƙara riƙe zanena. Ma'aikaciyar ta dube ni ta ce a hankali, "Ki faɗa mata abin da take so. Tun da suka zo ba ta ci abin kirki ba."

Na ce, "Na yafe, Iya. Yaya ma ya yafe."

Ta saki zanena, ta shafa fuska, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu za shi tashi."

Ya tashi, da ikon Allah da ƙoƙarin mutanen likita. Yana nan da rai, sai dai sa'o'insa suna gudu a lungu shi har yanzu da rarrafe yake. Rabona na mayar gidajen mutane, na Yaya ya tafi kasuwa don ba shi da yadda zai yi, gidajen da suka rasa kuma suna nan suna jira. Iya tana gaya wa duk wanda ta gani cewa yafiyata ce ta ta da jikanta. Duk inda muka haɗu, a famfo ko a bakin tasha, sai ta rusuna ta gode mini a gaban mutane, ni kuma in amsa.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata zaginta da taurin kanta, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da 'ya'yan mutane. Malamai suna cewa wani lokaci akan nuna wa mamaci abin da nasa suke yi a bayansa. Ina roƙon Allah kada a nuna mata wannan.